Sassaben Zamani da Sharuɗɗan Binciken Haɗin Gwiwa

Makasudin wannan takarda shi ne a bayyana abin da ake nufi in an ce bincike na haɗin gwiwa ne, watau wanda masani da mutanen gari suka yi tare, da niyyar hukuma ta sake wata doka. Maganar ta fi fitowa fili da misali, don haka na ɗauko na ƙasar Maraɗi.

Bisa ga dokar daji ta Faransa ta 1935, da wadda Nijar ta kafa a 1974, manomi ba shi da ikon sare itace irin gawo, ko da a gonarsa yake, sai da izinin ma'aikatan gandun daji. To, wanda ya san itace zai jawo masa tara in ya girma, ai tun yana tsiro zai kawar da shi.

A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki da ransu; in aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi daga tohonsu aka datse saura, sai su zama itace. Da yunwar 1984 ta auku, aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane kuwa suka karɓa. Amma da rabo ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Sharaɗi na farko ke nan: yardar da aka samu da tsaba ba haɗin gwiwa ba ce, ko da yake a rahoto kamarsu ɗaya.

Waɗanda suka bar nasu suka ci gaba, amma kowa da yadda ya ga dama: wani ya bar kalgo, wani sabara, wani ya ƙara yawan rassa. Wannan ikon sake dabara shi ne sharaɗi na biyu, kuma a ganina ya fi saura nauyi, gama mutumin da ba ya iya gyara hanyar aiki ɗan ƙodago ne, ba abokin bincike ba.

A nan mai nazarin harshe yana da ta cewa. Sunan da ya bi aikin shi ne "sassaben zamani". Sassabe kuwa aikin gona ne da kowa ya gada, yana da lokacinsa kafin damina. Ashe sunan ya fid da aikin daga "daji", inda hukuma ke da iko, ya shigar da shi "gona", inda manomi ke da iko. Mai binciken da ya tsara tambayoyinsa da Faransanci, sa'an nan ya miƙa wa tafinta, da wuya ya ji wannan bambanci, alhali kuwa a kansa dokar take.

Har wa yau sai a duba su wane ne "mutanen gari". A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, an sa mata da Fulani makiyaya cikin kwamitin tsaron itatuwa, domin mai neman itacen girki da mai neman 'ya'yan gawo don shanunsa ba buƙatarsu ɗaya da mai gona ba.

Masana sun zo daga baya ne. Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na 1975 da na 2005, aka ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 da itatuwa kamar miliyan 200. Aikinsu shi ne auna abin da manoma suka yi, da kai shi gaban hukuma cikin lissafin da take ji. Dokar karkara ta fito a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, amma sai a 2020 aka fid da umurnin da ya tabbatar wa manomi mallakar itacen da ya rena a gonarsa, shekara 37 bayan somawa.