Sana'ar Ƙuli-ƙuli: Jarin Matan Karkara a Arewacin Kano

A ƙauyukan Bichi, Dambatta, Tsanyawa da Dawakin Tofa, gona a jikin gona take. Gado ya rarraba ƙasa har ta kai abin da magidanci ya noma ba kasafai yake kai gida wata kakar ba. Wannan giɓin, sau da yawa mata ne ke cike shi da sana'o'in cikin gida, kuma ɗaya daga cikin manyansu ita ce ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Gyaɗa tsohuwar dukiya ce a nan. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucinta ya bunƙasa har aka yi dalar gyaɗa, irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Fari da cutar da ta afka wa shukar a 1975 suka rushe dalar, amma turmin mata bai daina aiki ba.

Mai sana'a takan auno ɓararriyar gyaɗa da kwano, ta tsince ruɓaɓɓu, ta soya sama-sama a kasko. In ta huce sai ta murje, ta bushe ɓawon a faifai, a kai inji. Niƙaƙƙiyar ake zubawa a turmi, ana tarfa ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso. Gwaninta a nan take: ruwa ya yi yawa a ɓata ƙulli, ya yi kaɗan mai ya ƙi fita. Abin da ya rage bayan matsa shi ne tunkuza. Ita ake sa wa gishiri, wani lokaci da yaji, a mulmula ko a murza, a soya cikin man da aka tatsa.

Ba a rasa masu saye. Mahauta na buƙatar garin ƙuli don tsire, masu kilishi na neman tunkuza, kwaɗon zogale da na rama ba sa daɗi sai da shi. Lissafin masu sana'ar shi ne mai ya mayar da uwar kuɗi, ƙuli ya zama riba.

Matsalar ita ce jari. Da kaka gyaɗa na araha, da bazara ta yi tsada, sai wadda ta saya ta ajiye ce ke cin moriya. Mara jari kuwa kullum a hannun mai ba da bashi take.

A garuruwan da ke da Kiristoci Hausawa, waɗanda yawancinsu daga Maguzawa suka fito, Zumuntar Mata ta ikilisiyoyi irin su ECWA, wadda ta samo asali daga mishan ɗin SIM a 1954, takan zama madogara. Bayan addu'a da waƙa, mata kan yi zubin adashi, a koya wa sabuwar shiga sana'a, a tallafa wa gwauruwa. Maƙwabtansu Musulmi ma da adashi suke tada jari, kuma kasuwa ɗaya ake kai kayan.

Duk mai son taimakon waɗannan mata, coci ne ko masallaci ko ƙaramar hukuma, ya ba su rance mara ruwa a lokacin kaka, ya kuma kawo injin niƙa da na matsa kusa da su. Sana'ar dai sun riga sun iya.