Tsakanin Buhu da Lambar Sikeli: Aikin da ke Jiran Matasan Gaya da Ajingi

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Shekara da shekaru manomin Gaya da na Ajingi yana sayar da gero da wake da gyaɗa da kwano ko tiya, idonsa na kan hannun mai awo, in an tauye shi ya gani. Yanzu kuwa, musamman a cinikin riɗi da ake kaiwa kasuwar Dawanau don fitarwa ƙasashen waje, sikelin lantarki ne ke yanke hukunci. A ɗora buhu, lamba ta bayyana, magana ta ƙare. A ganina wannan lamba ba daga sama take faɗowa ba. Mutum ne ke tsara yadda za ta fito, kuma muddin ba mu da masu sanin hanyar da take bi, haƙƙin manomi yana hannun abin da ba ya iya bincikawa.

A ƙarƙashin farantin sikeli akwai wani guntun ƙarfe da aka manna wa siraran wayoyi guda huɗu. Idan nauyi ya hau, ƙarfen yakan ɗan lanƙwashe yadda ido ba zai gani ba, wayoyin su miƙe ko su takure, sai ƙarfin lantarkin da ke fitowa ya canza. Canjin ƙanƙane ne ƙwarai. A irin ƙarfen da aka fi amfani da shi, in an ba shi bolt 5, abin da zai fitar idan an cika masa kaya bai wuce milibolt 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda.

Ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa sikeli lamba kaɗai take ganewa, don haka tana bukatar tafinta mai juya ƙarfin lantarki zuwa lamba. Allon Arduino Uno da ɗalibanmu suka saba da shi yana da nasa tafintan a ciki, mai raba bolt 5 zuwa matakai 1,024, kowane mataki kusan milibolt 4.9. A sikelin kilo 100, mataki ɗaya ya kai kusan kilo 49 ke nan. Buhu mai kilo 60 da mai kilo 90 lamba ɗaya za su bayar. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗauko tafinta daga waje.

Wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne HX711. Yana fara ninka siginar sau 128, sannan ya mayar da ita lamba mai bit 24, wato matakai sama da miliyan 16, sau 10 ko sau 80 a daƙiƙa. Wayoyi biyu ne ke ɗaukar zancensa da ƙwaƙwalwar: ta saƙo da ta bugu. Idan awo ya kammala, wutar da ke kan wayar saƙo takan sauka ƙasa, alamar cewa ya shirya. Daga nan ƙwaƙwalwar ta aika bugu 24, kowane bugu ya fito da bit ɗaya, daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta. Bugu na 25 kuma shi ke gaya masa ya ci gaba da ninkin 128 a awo na gaba. Wanda ya yi gaggawar karantawa kafin alamar ta zo, ko ya ɓata lissafin bugun, shirme zai samu a madadin nauyi.

Sai dai lambar da ta fito ba kilo ba ce tukuna, kuma a nan ne amana take. Dole a karanta sikeli babu kaya a riƙe wannan a matsayin sifili, sannan a ɗora nauyin da aka tabbatar da shi, a raba, a sami adadin matakan da ke cikin kilo ɗaya. Wannan adadi guda ɗaya da ake ajiyewa a cikin ƙwaƙwalwar shi ne mudun zamani. In ya karkace da kashi 2 cikin ɗari, manomi ya rasa kilo 2 a kowane buhu mai kilo 100, a buhu 50 kuwa ya rasa buhu sukutum. Ba sai da mugun nufi hakan ke faruwa ba: zafin bazara yana sauya halin ƙarfe, baturi mai rauni da doguwar waya suna sa lamba rawa. Shi ya sa mai gina sikeli na ƙwarai yakan karanta sau goma ya ɗauki matsakaici, ya kuma riƙa sabunta saiti. Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi ga masu tauye awo, kuma kashedin bai tsaya ga kwano ba.

Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil maƙwabciyar waɗannan ƙananan hukumomi biyu ce. Ina kira ga malamanta su karkatar da wasu ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe zuwa ga gina sikeli da gyara shi da gwada shi a kasuwanninmu. Ina kuma kira ga shugabannin Gaya da Ajingi su haɗa kai da Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci ta Tarayya, a ajiye tabbatattun duwatsun awo a hannun shugabannin kasuwa, yadda duk wanda ya yi shakka zai ce a gwada a gabansa.

Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala don neman tama, daga Gaya suka tashi. Ƙasar da ta ba Kano maƙeranta na farko bai kamata ta rasa matasan da za su buɗe sikeli, su karanta abin da ke cikinsa, su tabbatar wa manomi cewa kilonsa kilo ne ba.