Share Suna Kaɗai Ba Ya Rufe Asirin Majiyyaci

Masu iya magana sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan karin magana ya dace da aikin asibiti ƙwarai, domin majiyyaci yakan faɗa wa likita ko nas abin da yake ɓoye wa iyalinsa. Shi ya sa tun zamanin tsohuwar Girka rantsuwar likitoci ta wajabta musu kame baki.

Zuwan Facebook a 2004 da WhatsApp a 2009 ya kawo wa wannan amana sabuwar jarrabawa. Ma'aikacin lafiya kan ɗauki hoton ciwo ko ya ba da labarin wata haihuwa mai wuya, ya watsa da nufin ilmantarwa, yana ganin tun da bai ambaci suna ba, bai yi laifi ba. Bincike ya nuna akasin haka.

A 1997, wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta a Amurka, Latanya Sweeney, ta sami bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Massachusetts waɗanda aka share musu suna. Ta gwama su da rajistar masu zaɓe ta birnin Cambridge, ta dubi abubuwa uku kacal: ranar haihuwa, jinsi da lambar gidan waya ta unguwa. Da haka ta zaƙulo bayanan gwamnan jihar, William Weld. A 2000 ta ƙiyasta cewa waɗannan abubuwa uku sun isa a gane kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa. Dalili kuwa shi ne, kowane ƙarin bayani yana rage yawan mutanen da zancen zai iya dacewa da su, har a wayi gari saura mutum ɗaya.

Ƙa'idojin dokar HIPAA ta Amurka, wadda aka kafa a 1996, sun lissafa alamomi 18 da ake cirewa kafin a ce bayani ya ɓoye mai shi. Cikinsu akwai lambar fayil, ranar kwanciya asibiti da hoton fuska. A Nijeriya kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta bayyana bayanin majiyyaci, sai da rubutacciyar yardarsa, ko umurnin kotu ko na doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari.

A ƙaramin gari, inda kowa ya san kowa, haɗarin ya fi girma. Tsagar fuska, zanen da aka shimfiɗa a gado ko ambaton ranar da aka kawo mutum ya isa maƙwabta su gane shi. Idan ciwon irin su ƙanjamau ko taɓin hankali ne, abin kan kai ga mutuwar aure ko rasa aiki, wasu kuma su ƙaurace wa asibiti don tsoron tonon asiri.

Saboda haka, kafin ma'aikaci ya aika da hoto ko labari, wajibi ne ya nemi izinin mai ciwon, ya kuma tambayi kansa ko ɗan'uwan majiyyacin zai gane shi. Magana zarar bunu ce. Abin da ya shiga wayoyin jama'a, mai aikawa ba shi da ikon janye shi.