Wace manhaja ta dace da shafin intanet na ƙungiyarku?

Ƙungiyar manoman albasa a Madawa, gidan rediyon al'umma a Buza, ma'aikatar magajin gari a Keita: kowanne na iya buƙatar shafin intanet, amma buƙatun sun bambanta. Mai albasa farashin buhu da hoton kaya yake son ɗorawa, rediyo kuma shirye-shiryen murya, magajin gari sanarwa da takardu.

Manhajar sarrafa shafi, wadda ake kira CMS, ita ke ba sakataren ƙungiya damar shiga da kalmar sirri, ya sauya farashi ko ya saka hoto, ba sai ya iya rubuta lambobin kwamfuta ba. Cikin na kyauta, uku sun fi shahara: Drupal ta 2001, WordPress ta 2003, da Joomla ta 2005. Wurin ajiyar shafin da sunansa, kamar mai ƙarewa da .ne na Nijar, su ake biya.

A ganina WordPress ta fi dacewa da yankinmu. Kusan kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke, saboda haka samun mai gyara a Tawa ko Maradi ba zai yi wuya ba. In an ƙara mata manhajar WooCommerce sai ta zama shago. Drupal ta fi ƙarfi wajen taskance tarin bayanai, irin na aikin farfaɗo da ƙasar noma da aka soma a Keita a 1984, sai dai tana buƙatar gwani.

Kafin a biya ko dala, a buɗe shafin a ƙaramar waya inda layi ke da rauni, a duba ko haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna fita daidai.