Gudun Bolt da Gudun Kipchoge: Daga Ina Ƙarfin Yake Fitowa?

A birnin Berlin Usain Bolt ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009. A nan ne kuma Eliud Kipchoge ya kammala gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a 2022. Tsokar kowannensu da sinadarin ATP mai ba da ƙarfi take aiki, amma ba hanya ɗaya suka bi wajen samunsa ba.

Bolt ya fi dogara da ɗan abin da tsoka ta ajiye da kuma hanyar gaggawa, wadda ke fasa sukari ba tare da jiran iskar oksijin ba. Nan take take ba da ƙarfi, sai dai ATP 2 kacal take fitarwa daga kowace ƙwayar gulukos, kuma ba ta jimirin aiki mai tsanani.

Kipchoge kuwa mitokondiriya ce ta ɗauke shi, wato 'yan ɗakunan da ke cikin ƙwayoyin halitta. A can ake ƙarasa ƙona sukari da kitse, ta zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937. Abin da ya fi burge ni shi ne matakin ƙarshe, wanda Peter Mitchell ya gano a 1961. Ana tura ƙwayoyin furoton zuwa bayan tantanin cikin mitokondiriya har su taru, sannan su kwararo ta wani ɗan inji mai juyawa da ke haɗa ATP, kamar yadda ruwan madatsar Kainji ke juya injinan lantarki. Gulukos ɗaya tak sai ta ba da ATP wajen 30.

Ban raina hanyar gaggawa ba. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da mitokondiriya ko ɗaya, da hanyar gaggawa kaɗai suke rayuwa. Amma in aka ce wacce ke riƙe da rai, ba sai an yi gardama ba. Zuciya ba ta hutawa, shi ya sa mitokondiriya ta cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na kowace ƙwayar tsokarta. Gubar sayanayid, wadda ake samu a rogo mai ɗaci da ba a jiƙa shi sosai ba, tana toshe wurin da oksijin ke shiga aikin mitokondiriya ne. Hanyar gaggawa tana nan lafiya lau, huhu cike da iska, amma in gubar ta yi yawa mutum ba ya kai labari.