Shingen fure mai kashe awaki

A ranin da ya wuce, lokacin da ciyawa ta yi tsada, wani maƙwabcina a Akokan ya tsinci rassan da aka sassabe daga shingen wani gida, ya zuba wa awakinsa. Kafin asuba biyu sun mutu. Da na je, sai na ga siraran ganye masu sheƙi da fure rawaya mai kamar mazurari: Thevetia ce, itacen ado da asalinsa ƙasar Meziko ne. Ana son sa a Arlit don yana jure zafi.

Akuyar da ke kiwo ba ta cika taɓa shi ba, yana da ɗaci. Yunwa ce ke sa ta ci. Farin ruwansa kamar na tumfafiya ne, dafinsa kuma zuciya yake kamawa: dalala, zawo, rawar jiki, sai faɗuwa. Ƙwallon ya fi komai dafi, kuma bushewa ba ta kashe shi.

'Yan'uwa makiyaya, ku binne rassan, kada a hura wuta da su. In bisa ta ci, a kira likitan dabbobi nan take, a nuna masa ganyen.