Wuta ɗaya ko biyu?

Da asuba gardama ta kaure a bakin masallaci a Garhanga. Cikin dare, bayan ruwan sama, an ga jar wuta ta tashi sama, irin wadda matafiya ke harbawa in sun shiga uku. Makiyayin da ya kwana kan fako ya rantse ya ƙirga takwas kafin ta ɓace. Wani dattijo mai gona cikin kwari ya ce huɗu ya ƙirga, ko ɗaya bai ƙaru ba. Aka ce to wuta biyu ce, motoci biyu ne suka maƙale. Ina za a nufa?

Wani malamin lakwal ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu.

"Kai da ke kan fako, tun daga ƙasa ka gan ta?"

"Tun daga ƙasa, Mushe, har ta koma."

Ya ja layi. Abin da aka harba sama, hawansa da saukarsa lokaci ɗaya suke ci: daƙiƙa 4 sama, 4 ƙasa. Jan ƙasa yana rage masa gudun kusan mita 10 kowace daƙiƙa, ke nan da gudun mita 40 ta tashi, ta tsaya wajen mita 80. Iska kan ɗan rage, amma ba ta ɓata lissafin.

"Baba, kai fa?"

"Ni a sama ta ɓullo mini, a sama ta ɓace."

Nan zaren ya warware. Huɗun Baba biyu ne kafin ƙololuwa, biyu bayanta. Abu in ya faɗo, mita 5 yake yi a daƙiƙar farko, 15 a ta biyu. Mita 20 na sama kawai Baba ya gani. Sauran 60 wani abu ya tare masa.

"Me ke gabas da gonarka, inda ka gan ta?"

Baba ya dafa gemu. "Dutsi."

Wuta ɗaya ce, kuma daga bayan dutsin. Can aka samu motar, tayoyinta sun nutse cikin yashin korama.

Duwatsun Adar, inda Garhanga take, haka suke cinye daƙiƙun mai neman agaji. Wutar da dokar teku ta wajabta wa jiragen ruwa kuwa tana hawa mita 300, laima ta riƙe ta tana ci aƙalla daƙiƙa 40. Ta direban ba ta da laima. Takwas ɗin nan kaɗai gare shi, Allah ya sa akwai masu ƙirga.